Zauren Iyali: Rabon Aikin Gida a Kwanakin Mako

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga Zariya, kuma dukkansu a kan aikin gida ne: wanda zai yi shi, lokacin da za a yi shi, da abin da ke biyo baya idan kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Samaru da maigidana da 'ya'yanmu huɗu: babbar mace mai shekara 14, namiji mai shekara 12, mace mai shekara 8, sai auta mai shekara 3. Aikina na karɓa-karɓa ne, wani mako safe, wani mako yamma, wani lokaci kuma kwana. Maigidan yana da shago a kasuwar Sabon Gari, ba ya dawowa sai bayan magariba. Duk abin da ba a yi ba a tsakiyar mako sai ya taru ya jira ni ranar Asabar: wanki, guga, cefane, kai niƙa, wankin banɗaki da kitson yara. Idan kuwa biki ko suna ya faɗo a ranar, to makon ya lalace ke nan. Na sha rubuta jadawali in manna a bango, amma ba ya daɗewa ake mantawa da shi. Ina mafita? Daga wata uwa a Samaru.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata, Allah ya ba da ladan aiki. Ba rashin ƙoƙarinki ne ke kashe jadawalin ba. Galibin irin waɗannan takardu da sa'o'in agogo ake rubuta su, a ce ƙarfe kaza shara, ƙarfe kaza wanki, alhali ke kanki lokacin fitarki yana sauyawa daga mako zuwa mako, ruwan famfo da wutar lantarki kuma ba ruwansu da abin da aka manna a bango. Abin da ya fi wannan illa shi ne a rubuta aiki ba a rubuta mai shi ba. Idan aka ce "yara su share tsakar gida", to babu yaron da aka ce wa, kuma duk aikin da ba shi da suna a gefensa a kanki zai ƙare, ko da daga aikin kwana kika dawo.

Kafin ki sake manna wata takarda, ki ɗauki mako guda kina rubuta duk aikin da aka yi a gidan da wanda ya yi shi, har da waɗanda ido ba ya gani, irin su lura da cewa gas ya kusa ƙarewa, da tuna ranar taron iyaye a makaranta, da sanin cewa omon da ya rage ba zai wuce wanki ɗaya ba. Sannan ku zauna da maigida da manyan yaran ku karanta tare. Magidanta da yawa ba mugunta ce ke hana su sa hannu ba. Sun saba tarar da gida a share da abinci a kula, ba su taɓa ganin aikin a jere a takarda ba, kuma ganin nan kaɗai yakan sauya magana.

Ayyukan kullum, wato shara, wanke-wanke, gyaran shimfiɗa, shirya yara da zubar da shara, ki ɗaura su a kan lokutan salla maimakon agogo. Lokacin aikinki yana yawo, amma asuba da la'asar da magariba suna nan inda suke. A Zariya faɗuwar rana ba ta fita daga tsakanin ƙarfe shida da bakwai duk tsawon shekara. Yaron da aka gaya wa cewa nasa ne wanke-wanken bayan la'asar ba ya bukatar a duba masa agogo, ba ya kuma bukatar ki kasance a gida kafin ya san lokaci ya yi, domin ladan zai sanar da shi. Mai shekara 8 za ta iya share ɗaki da tsakar gida bayan asuba, ta kuma jera takalma da jakunkunan makaranta kafin a kwanta. Autan ma a ba shi nasa, ko da kwashe kayan wasansa ne ya zuba a kwando, saboda ya tashi da sanin cewa a gidan nan kowa yana da abin da ake tambayarsa.

Sai kuma ayyukan mako, waɗanda su ne suka mamaye miki Asabar. Ki rarraba su. Wanki ya zama sau biyu: kayan makaranta da safa ranar Laraba da yamma, manyan yaran biyu kowa ya wanke nasa, sannan zannuwan gado da manyan kaya ranar Asabar da sassafe. Kai niƙa ya koma hannun namijin ranar Alhamis, wankin banɗaki kuma daren Alhamis ko safiyar Juma'a, kitso ranar Lahadi bayan an taso daga Islamiyya. Cefane kuwa ban ga dalilin da zai sa ki hau keke daga Samaru zuwa Sabon Gari ranar hutunki ba, alhali maigidan a cikin kasuwar yake wuni. Busasshen cefane, wato shinkafa, masara, wake, manja, man gyaɗa, gishiri da sabulu, a rubuta masa sau ɗaya a wata. Kayan miya da nama kuma sau biyu a mako ya taho da su idan ya rufe shago. Idan a farkon lamari ya zaɓo tumatirin da bai yi miki ba, ki nuna masa irin wanda kike so, amma kada ki karɓe aikin. Wannan gargaɗin ya shafi yaran ma: uwar da ke bin bayan yaro tana sake sharar da ya yi tana koya masa ne cewa ko bai yi ba za a yi.

Akwai ayyukan da ba a iya yanka musu rana, domin ruwa da wuta ne ke yanka musu. Waɗannan sai a rubuta su da sharaɗi: duk sa'ar da famfo ya kawo ruwa, wane ne zai cika tanki da jarkoki, duk sa'ar da aka kawo wuta, wance ce za ta yi gugar kayan makaranta, a kuma yi markaɗe. Kayan guga su kasance a ninke a wuri ɗaya suna jira, a kuma ajiye dutsen guga na gawayi saboda daren Lahadin da wuta ta ƙi zuwa. Yana da kyau ki san lissafin ruwanku. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana ga mutum ɗaya a matsayin mafi ƙarancin abin da zai ishi sha da girki da ɗan tsafta, lita 50 kuma idan za a haɗa da wanka da wanki. Ku shida ke nan kuna bukatar tsakanin lita 120 da 300 a rana, wato daga kusan jarka biyar zuwa goma sha biyu masu cin lita 25. Wanda ya san wannan zai yi magana da ɗan garuwa tun daren Juma'a, ba sai an jiƙa kaya ranar Asabar a fara leƙen hanya ba.

Jadawalin damina ba zai zama ɗaya da na hunturu ba. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta, wanki na sassafe ne, domin hadari yakan haɗu da yamma, kuma a tanadi igiyar shanya a ƙarƙashin rumfa. A wannan lokaci ki ƙara aiki guda na mako, ki ba namijin: zagaya gida ya zubar da ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da robobi, ya yashe kwata, ya tabbatar an rufe tanki da randa. Dalilin sa shi kowane mako shi ne sauro yakan ɗauki kwana bakwai zuwa goma daga ƙwai zuwa tashi, don haka zubar da ruwan duk mako yana katse shi kafin ya yi fiffike. Ke da kike ganin masu zazzaɓin cizon sauro a gadon asibiti kin fi ni sanin amfanin wannan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa kaya suna bushewa cikin ɗan lokaci, amma goge ƙura yakan tashi daga aikin mako ya koma na kullum.

Ki bar yini guda a mako babu babban aiki a kansa, domin a Zariya ba a rasa biki ko suna ko gaisuwar rasuwa, kuma aikin da hidima ta ture yana bukatar inda zai sauka. A Disamban 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta ɓullo da tsarin aikin kwana huɗu a mako ga ma'aikatanta, daga baya ta shigar da makarantunta ciki, kuma gidajen da wannan ya ba su Juma'a sun sami irin wannan rana a sauƙaƙe. Asibiti ba ya rufewa, shago ma haka, saboda haka ke sai kin zaɓi taku ranar da kanki idan jadawalin aikinki ya fito. Ku riƙa zama na 'yan mintuna kowace Lahadi bayan isha, a duba makon da ke tafe, a sauya abin da ya kamata a sauya.

Abu ɗaya nake jin tsoro a gidanku, shi ne kayan da za a sauke daga kanki su koma kan babbar 'yarki gaba ɗaya. Yarinya mai shekara 14 tana gab da jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ko ta shiga babba, ga hadda, ga aikin makaranta. Idan kika ƙirga ayyukan da ke gaban sunanta kika ga sun ninka na ƙanenta, wanda shekara biyu kacal ta ba shi, to rabon bai yi ba, sai a sake.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Tudun Wada, 'ya'yana uku duk maza. Maiɗakina ta raba musu aiki, har da wanke-wanke da share kicin. Mahaifiyata, wadda muke tare da ita, ta ce ba za a mayar mata da jikoki mata ba, ta hana. Ina tsakanin uwa da mata, ban san ta inda zan ɓullo ba.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Magana ta farko ita ce wannan ba rigimar da za ka bar wa maiɗakinka ba ce. Suruka ba ta jayayya da uwar miji ta yi nasara, ko da gaskiya na gefenta. Kai ne za ka shiga ɗakin Hajiya ka zauna ƙasa ka yi bayani, a matsayin abin da kai ka ga ya dace da tarbiyyar 'ya'yanka.

Hujja kuwa kana da ita a hannu. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Hadisin yana cikin Bukhari. Tsohuwar da ta ji wannan daga bakin ɗanta cikin ladabi da wuya ta ci gaba da kiran aikin gida abin kunya. Al'adar ma idan aka dube ta da kyau ba ta goyi bayan hanin ba, domin masu sana'ar wanki da guga a garin nan maza ne, masu shayi da masu tsire maza ne, kuma kowannensu da hannunsa yake wanke kofunansa da farantansa. Almajirin da ke zuwa gidaje yana wanke-wanke da shara shi ma ɗan wani ne, kuma ba a taɓa jin an ce aikin ya rage masa mazantaka ba. Ga kuma makarantun kwana irin su Barewa, wadda ta dawo Zariya a 1949 ta kuma yaye shugabannin ƙasa da sarakuna; ɗalibin makarantar kwana shi ke wanke kayansa, shi ke share ɗakin kwanansa. Yaron da bai iya dafa taliya ko wanke tukunya ba zai gane kurensa a makon farko da ya tare a ɗakin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko Kongo.

Duk da haka, kada ka nemi cin nasara a zama ɗaya. A fara da ayyukan da Hajiya ba za ta yi musu a kansu ba, wato ɗebo ruwa, kai niƙa, zubar da shara, wanke kayansu da share ƙofar gida, sannan kowa ya wanke kwanon da ya ci abinci a ciki. Idan ɗaya daga cikinsu ya zama shi ne mai share wa Hajiya ɗaki da cika mata buta kowace safiya, da bakinta za ta fara yabon tsarin. Sai dai wasiƙarka ba ta faɗi aikin da ke gaban sunanka a jadawalin ba, Malam. Yara maza abin da uba yake yi suke kallo, kuma idan suka ga kana guge kayanka ko kana wanke banɗakinka ranar Asabar, rabin gardamar ta ƙare.

Tambaya: Mu uku ne matan wa da ƙanne a babban gida a cikin birni, wajen Ƙofar Doka. Kowa da tukunyarta, amma tsakar gida da banɗaki da kwata ɗaya ne. Kullum sai an yi cacar baki a kan wadda za ta wanke, ni kuma da yake ni ce ƙarama, a kaina abin yake ƙarewa.

Amsa: 'Yata, a gidan haɗaka aikin da ke kawo faɗa shi ne na wurin da kowa ke amfani da shi amma ba na kowa ba ne, kuma maganinsa yana cikin abin da iyayenmu suka daɗe suna yi da girki, wato kwana bibbiyu. Ku ɗauki tsarin ku ɗora a kan shara da wankin banɗaki da kwata: wadda kwananta ya zagayo, duk wuraren haɗaka nata ne har kwana biyu, sannan ta miƙa su a tsaftace. Na fi son wannan a kan a ce wance Litinin, wance Talata, saboda wani lissafi mai sauƙi. Ku uku kwana bibbiyu kwana shida ke nan, mako kuma kwana bakwai ne, don haka ranakun suna zamewa da kansu. A cikin mako shida kowacenku za ta sami Asabar biyu, ranar da yara ke gida kuma ƙazanta ta fi yawa, babu wadda za ta ce an ɗaure ta da ranar wahala.

Kada shawarar ta fito daga bakinki a tsakar gida, domin za a ce amarya ta zo da iyayi. Ki samu babbar facalarki a ɗakinta ki kai mata ita a matsayin neman shawara, ko mazajenku su kai wa uwar gidan ko dattijon da ake jin maganarsa, shi ya yanke. A kuma yanke har da abubuwan da ake ganin ƙanana ne, domin su ke rushe irin wannan shiri: kuɗin tsintsiya da omo da maganin wanke masai a haɗa su karo-karo duk wata, mai jego da marar lafiya a ɗauke musu har su warware, wadda za ta yi tafiya kuma ta yi musaya tun kafin ta fita. Tun da hannu uku ne za su riƙa wanke banɗaki ɗaya, ku yi ittifaƙi a kan magani guda, domin haɗa ruwan bilic irin su Hypo ko Jik da wani maganin wanke masai yana tayar da iska mai guba wadda ke shaƙe numfashi, musamman a ƙaramin banɗaki marar taga.

Tambaya: Ina karatu a jami'a kuma ina da yara biyu. An ba ni shawarar in riƙa dafa miyar mako guda ranar Lahadi, amma wuta a unguwarmu, Gyallesu, ba ta da tabbas. Shin hakan zai yiwu?

Amsa: Ƙanwata, zai yiwu idan kina da firiza mai daskarewa sosai, in ba haka ba kuwa kada ki wuce miyar kwana biyu. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a waje, kuma sanyin firji ya kasance ƙasa da digiri 5. Idan aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kamar awa huɗu ne kawai, firiza cikakkiya tana kai kwana biyu, wadda ke rabi kuma kwana ɗaya. Saboda haka ki zuba miyar a ƙananan robobi, kowace ta ci ɗaya, ki cike sauran wurin da robobin ruwa su zama ƙanƙara, ki kuma hana yara yawan buɗewa. Abin da aka fitar aka narkar a tafasa shi sosai, kada a mayar da shi.

A ganina lokacin da za ki fi samu ba a dafuwar yake ba, a shirin da ke gabanta yake. Ranar Lahadi ki tankaɗe garin tuwo na mako, ki tsince wake da shinkafa, ki daka yaji da daddawa, ki tanadi kuka da busasshiyar kuɓewa da busasshen kifi, waɗanda babu ruwansu da wuta; da waɗannan a hannu, tuwo da miyar kuka ba za su ci miki awa guda ba bayan kin dawo daga lacca. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 35, ki rage yawan abin da kike ajiyewa. Ki fi yin hattara da dafaffiyar shinkafa, domin idan ta kwana a waje akwai ƙwayar cutar da ke zuba guba a cikinta, kuma ɗumame ba ya kashe wannan gubar. Ita kam ki dafa daidai cin yini.